Siminti a Kan Jar Ƙasa: Gyaran da Ke Cinye Gidan Gado

Akwai wani irin alheri da ya yawaita a tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina, wanda babu mai iya kushe niyyar mai yinsa, amma aikin kansa ya cancanci suka. Ɗa ne Allah ya buɗa masa a Abuja ko Legas, ya zo gida da Sallah, ya shiga gaishe da mahaifiyarsa a ɗakin da aka kawo ta tana amarya. Ya dubi daɓen ƙasa, ya dubi bangon da aka shafe da farar ƙasa, ya ɗaga kai ya ga azarar da hayaƙin turare ya rina, sai zuciyarsa ta sosu. Kafin ya koma ya kira birkila. Cikin 'yan makonni an yi wa bango filastar siminti ciki da waje, an manna tayil tun daga ƙasa har kafaɗar mutum, an ɓoye azara a bayan silin roba, an fasa kusurwar ɗaki an fitar da banɗaki, an malale tsakar gida kaf. Sai a ɗauki hoto a tura wa 'yan'uwa ta WhatsApp, a yi ta sa albarka.

Bayan 'yan damuna sai fenti ya fara kumbura yana ɓarewa. Tayil ɗin da aka yi alfahari da shi, in an ƙwanƙwasa, sai ya ba da amo irin na ƙwaryar da aka kife. Wani wari na ruma ya zauna a bayan gado ya ƙi fita. Daga nan sai hukunci ya biyo baya, kuma kullum iri ɗaya ne: "Ai ginin ƙasa ba ya ƙarko." Bangon da ya ga kaka ya ga jika bai tsage ba, shi ne za a ɗora wa laifin ɓarnar da ta fara ranar da aka sauke buhunan siminti a ƙofar gida.

Abin da birkilan bai faɗa ba, wataƙila don shi ma ba a taɓa faɗa masa ba, shi ne bangon ƙasa yana rayuwa ne da shaƙar danshi da fitar da shi. Tubalin da aka mulmula da hannu aka shanya a rana, da ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka haɗa shi da ita, suna tsotsar laima daga gindin gini da damina, sa'an nan su sake ta cikin iska idan rana ta fito. Muddin fuskar bangon a buɗe take, ruwan da ya shiga yana da hanyar fita, kuma bangon yana bushewa kafin ya yi laushi. Siminti da tayil da fentin mai suna toshe wannan hanya. Ruwan kuwa bai daina hawowa daga ƙasa ba don an sa tayil. Abin da ya canza kawai shi ne yanzu ba shi da mafita, sai ya taru a baya, ya haura sama da inda yake tsayawa a da, ya tafi da gishirin ƙasa wanda ke rugurguza tubali kamar garin tuwo.

Bugu da ƙari, siminti da ƙasa ba sa motsi tare. Ƙasa tana ɗan kumbura da laima ta tsuke da rani, siminti kuwa ƙafe yake, don haka dole wata rana ya tsage ko ya saki bangon. Ta wannan tsaga, wadda ba ta kai kaurin zare ba, ruwan sama yake shiga, kuma ba ya fitowa. Masu wayo sukan kafa ƙusoshi ko su ɗaura waya a jikin bangon don filastar ta kama, sai ƙarfen ya yi tsatsa a cikin danshi ya ƙara faɗaɗa ciwon. Mafi muni a cikin lamarin shi ne ɓoyewa. Bangon ƙasa tsirara in ya fara lalacewa kowa yana gani, a kwaɓa ƙasa a yaɓe shi kafin ruwa ya sauka. Wanda aka lulluɓe da siminti yana nan sumul a ido alhali cikinsa ya zama kunu, har daren da ruwan Agusta zai kwana yana zuba ya zube a kan masu barci.

Wannan ba hasashe ba ne, an gani a gine-ginen da duniya ta sa wa ido. Masallacin Larabanga da ke arewacin Gana, ɗaya daga cikin tsofaffin masallatan ƙasa na Afirka ta Yamma, an yi masa filastar siminti a shekarun 1970 da nufin a huta da yaɓe. Danshi ya maƙale a ciki, gara ta samu itatuwan da ke riƙe da ginin, har wani ɓangare na hasumiyarsa ya rushe. Da aka zo ceto shi a farkon shekarun 2000, aikin farko da masana suka yi shi ne ɓamɓare simintin nan, suka mayar da yaɓen ƙasa. Abin da aka kashe kuɗi aka cire a Larabanga shi ne abin da ake kashe kuɗi ana sawa yau a lungunan cikin birni.

Sai batun zafi, wanda shi ne tsohuwar da aka yi gyaran dominta take fara ɗanɗanawa. Soro mai kaurin bango da rufin ƙasa yana jinkirta zafin rana: abin da ya bugi bayan bango da hantsi ba ya isa ciki sai bayan sa'o'i, lokacin da gari ya fara sanyi. Shi ya sa a watan Afrilu, sa'ad da zafin Kano yake kusantar digiri 40, ɗakin soro yake zama mafaka da azahar. Mai gyara yakan sauke rufin ƙasar, ya ɗora kwano, ya rataya silin siriri a ƙarƙashinsa, ya toshe 'yar tagar sama da zafi ke fita ta cikinta, ya buɗe babbar tagar gilas tana fuskantar yamma. Ɗakin ya koma tanda, sai a ce maganin abin na'urar sanyaya ɗaki ce. To da wace wuta? An janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin kunna janareta ya ninka. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarkin masu rukunin farko zuwa naira 225 kowane yunit, su kuwa sauran rukunan ba su da wutar da za su dogara da ita. An karɓe wa Hajiya sanyin da take samu kyauta, an ba ta wani da sai ɗanta ya turo kuɗi kuma sai an kawo wuta. Da yawa daga irin waɗannan iyaye a tabarma suke yini a inuwar tsakar gida, in an bar musu inuwar.

Banɗakin cikin ɗaki shi ne inda hujjar masu gyara ta fi ƙarfi, kuma nan ne ɓarnar ta fi sauri. Gaskiya ne tsohuwa mai ciwon gwiwa bai kamata ta riƙa tsallaka tsakar gida da tsakar dare cikin ruwan sama don ta kama ruwa ba. Amma magabata ba don rashin dabara suka kai makewayi can ƙarshen gida ba. Sun raba ruwa da bangon da ke ɗauke da rufi ne. Yanzu sai a fafe jikin wannan bango a binne bututu, a haƙa ramin sokawe taku biyu daga gindinsa, wani lokaci ma kusa da rijiyar gidan. Bututun da ke ɗiga a cikin bulo yana ɓata fenti. Wanda ke ɗiga a cikin tubali yana narkar da abin da ginin ya tsaya a kai. Banɗakin yana yiwuwa, amma a gina shi da bulo a matsayin ɗan gini mai zaman kansa, manne da ɗakin ta ƙofa, bututunsa a fili inda ido zai ga yoyo, ruwansa kuma a kai shi nesa.

Masu kare siminti suna da sauran magana, kuma ba a banza suke yi ba. Ginin ƙasa yana son yaɓe a kai a kai, kuma yaran da a da suke taruwa su kwaɓa ƙasa yanzu suna makaranta ko sun watse a garuruwa. Yana zubar da ƙura, kuma mata ne ke share ta, ba masu yabon gine-ginen gargajiya ba. Azarar giginya ta yi tsada saboda giginyar ta ragu. Kududdufan da ake ɗiban ƙasa an cike da yawansu an yi gini a kai. Kowace damina kuma ana jin labarin gidajen ƙasa da suka faɗa wa mutane. Duk wannan haka yake. Sai dai in aka bi gidajen da suka rushe ɗaya bayan ɗaya, abin da ya kamata a tambaya shi ne ta ina ruwa ya kai ga bangon: indararon da ya karye ne ba a sauya ba, ko kwatar da ta toshe, ko titin da aka ɗaga har ya fi gidan tudu, ko tsakar gidan da aka malale ba tare da an karkata ta ba, ruwa ya koma yana kwanciya a gindin ɗaki? Wanda ya ga gidansu ya gagari kulawa, ya yanke shawarar rushewa ya yi sabo da bulo tun daga tushe, ya yi abin da za a iya karewa da hujja, ko da an yi asara. Abin da ba shi da hujja shi ne a bar ƙasa a ciki a yi mata rigar siminti, a haɗa raunin wannan da raunin wancan.

Kuma a gaskiya ba ƙura ce ke tura yawancin mutane ga wannan aiki ba. Kunya ce. An daɗe da sa wa ƙasa sunan talauci, har ya zama wanda ya yi digiri biyu yana jin nauyin abokan aikinsa su zo ta'aziyya su ga bangon jar ƙasa. Abin mamaki shi ne wannan mutum ɗin shi zai kai baƙonsa Gidan Makama, ginin da ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, ko Gidan Ɗan Hausa, ya tsaya ƙarƙashin bakan gizo da ɗaurin guga yana bayani da alfahari. Shi zai ambaci Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19 a matsayin shaidar cewa Bahaushe ya san injiniyanci tun kafin zuwan Bature. Ya dawo gidan kakansa, inda irin wannan baka take a zaure, ya sa a rufe ta da silin. Irin wannan aiki Hausawa ke kira gyaran gangar Auzinawa, ko da yake karin maganar ta zalunci mutanen Abzin a wannan fage: su sun riƙe birninsu na ƙasa, har Agadas ta shiga jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Akwai kuma tambayar da ba a cika so a yi ba: wa ya yanke shawarar? Gidan gadon da ba a raba ba mallakar dukan magada ne, mazansu da matansu. Amma a aikace mai kuɗi ne ke magana, sauran su yi shiru don kada a ce hassada ce, ita kuma uwa ba za ta iya cewa ɗanta "Ba na so" a kan abin da ya kashe dukiya ya yi mata ba. Sai ta ce, "Allah ya yi maka albarka," ta kwashe tasoshinta da fantekokin jerenta da ba su da wuri a sabon tsari ta tura ƙarƙashin gado. Shi zai kwana biyu a shekara a gidan. Ita ce za ta kwana sauran. Haka ake yanka zaure a mayar da shi shago, a wayi gari babu inda baƙo namiji zai tsaya ya yi sallama, babu inda malam zai zauna da almajirai, babu inda za a karɓi gaisuwar mutuwa sai an kafa rumfa a titi an tare hanya.

Gyaran da ya san abin da yake yi daga ruwa yake farawa, kuma yawancinsa ba ya fitowa a hoto. A gyara indararo, a karkata tsakar gida ta yadda ruwa zai gudu daga bango, a bar wani sashe nata ƙasa da bishiya don ta sha ruwa ta ba da inuwa. A duba kan azara inda ta shiga bango, domin nan take fara ruɓewa. Ƙurar bango tana da magani tun da can: yaɓe mai laushi da farar ƙasa a ciki, makuba ta kwasfar ɗorawa a waje da kan daɓe, da laso na katsin marina da gashin jima da dafara a inda ruwa ke bugu. Tayil a ƙasan ɗaki ba haramun ba ne in an tabbatar danshin da ya hana fita ba zai koma cikin bango ba. Wayar lantarki ta bi ta cikin bututun roba a fuskar bango, ba a fafe shi ba. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar, masu zanen gini Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin ƙasa na garin ɗakin karatu, aikin da aka kammala a 2018: sun sa kantocin littattafai da bene na katako a ciki, ba tare da sun shaƙe bangon ba, kuma sun yi aikin ne da maginan gargajiya.

A nan ne matsalar ta fi tsanani, domin waɗannan magina suna ƙarewa. Sarautar Sarkin Magina tana nan a masarautu, amma sana'ar da ke ƙarƙashinta ba ta rayuwa sai da masu ba da aiki. Duk gidan da aka miƙa wa birkila, wani tsohon magini ya rasa aikin da zai koya wa ɗansa ɗaura baka a kai, ɗan kuma ya tafi ya koyi manna tayil ko ya hau babur. Waɗanda ke da kuɗin da zai riƙe sana'ar su ne dai waɗannan ma'aikata da 'yan kasuwa da ke turo kuɗin gyara daga Abuja, kuma a yawancin tsofaffin unguwanni har yanzu akwai dattijon da zai iya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa ya faɗi inda ruwa ya kwana. Ba a cika kiransa ba sai bayan tayil ya fara zubowa.