Kafin motar lantarki, a fara duba injin ban-ruwan Funtuwa da Malumfashi

Idan kana Facebook ko TikTok, da wuya a ce ba ka ci karo da bidiyon motar lantarki ba. Wani zai shiga ya danna maɓalli, mota ta tashi shiru, ba ƙara ba hayaƙi, sai a rubuta a ƙasa wai fetur ya zama tarihi. Ka gangara wajen kwament kuwa, nan ake dambe. Wannan ya ce duniya ta tafi ta bar mu. Wancan ya ce ina wutar da za a yi cajin, a ƙasar da waya ma sai an kai shago an biya kuɗi? Daga nan sai gori da zagi, kowa ya ƙona datarsa ya kwanta.

Ni ma na sha shiga wannan musun. Amma hutun da na yi a gida, tsakanin Funtuwa da ƙauyen kakannina a wajen Bakori, ya sa na lura da wani abu. Duk masu musun nan a kan mota suke magana, alhali a yankinmu mutum nawa ne ke da motar ma? Abin da ke shanye man talaka a nan shi ne injin ban-ruwa, da babur, da injin niƙa, da ɗan janareta. Don haka matsayata a fili take: makamashi mai tsafta yana da riba a Funtuwa da Malumfashi tun yau, amma ribar tana cikin fadama da tashar 'yan acaɓa. Motar lantarki ta ɗan jira mu tukuna.

Ka tuna yadda aka faro. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Ko da ta ɗan sauko daga baya, babu mai tsammanin za ta koma gidan jiya. A lokaci guda naira ta faɗi, kuma kusan duk kayan sola daga waje ake shigo da su, yawanci daga Sin. Wato abin da ya sa kake son gudun fetur shi ne ya ƙara wa mafakar tsada.

Bari mu yi wa motar adalci, mu yi lissafinta. A 2021, lokacin da Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya zana motar Chevrolet Volt a Amurka, ke shugabantar hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, an buɗe tashar cajin mota mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Motar da ake nunawa a lokacin ita ce Hyundai Kona da aka harhaɗa a Legas, kuma kuɗinta ya haura naira miliyan 20 tun kafin naira ta faɗi. Batirinta na ɗaukar yunit 64, irin yunit ɗin da kake saye a mita. Ɗan ƙaramin janaretan gidanku ba ya ba da cikakken yunit ɗaya a awa, saboda haka sai ya yi kwana uku ko fiye yana ihu kafin ya cika ta, kuma fetur ɗin da ka gudu shi yake sha. Farantin sola mai wat 500 yana ba da yunit biyu zuwa biyu da rabi a wuni a irin ranarmu. Cika batirin a wuni guda zai buƙaci faranti kusan 30.

Gaskiya ba kullum ake cika batir daga ƙasa ba. Mai tafiyar kilomita 50 a rana yunit takwas ko makamancin haka zai ci, faranti huɗu sun ishe shi. To amma da rana mota na kan hanya, da dare kuma babu rana, sai an ƙara wani batirin a gida da inbata. Ka ce a dogara da wutar NEPA? A watan Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun shafe sama da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, wanda ya biyo ta Makurɗi kuma ya samu matsala. Masu kawo mana misalin Habasha, wadda ta hana shigo da motocin fetur a 2024, su riƙa haɗawa da cewa dam ɗinsu guda ɗaya a kan Kogin Nilu an gina shi ne don ya ba da sama da megawat 5,000, kusan abin da Najeriya gaba ɗaya ke rabawa mutum sama da miliyan 200.

Yanzu taho mu je fadama. Daga Ɗanja zuwa Ƙafur, daga bakin dam ɗin Mairuwa zuwa na Malumfashi, da zarar an gama girbin masara sai noman rani ya kankama: tumatir, albasa, attarugu, alkama. Kowane lambu da injinsa, kowane inji da jarkarsa. A ce manomi na ƙona lita huɗu a kowane ban-ruwa, sau uku a mako, har tsawon mako 16. Lita 192 ke nan. A tsohon farashi kuɗin bai kai naira 40,000 ba. A kan naira 1,000 kuwa ya zama 192,000, ban da baƙin mai da gyara da kuɗin babur ɗin zuwa gidan mai. Kai da kake cikin gari kana ƙorafin tsadar kayan miya, wani ɓangare na kuɗin tumatir ɗin da ka saya fetur ne.

Ga kuma abin da ba ya shiga lissafin naira. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana sayar da fetur a jarka saboda 'yan bindiga. Dalilin a fili yake, amma injin ban-ruwa ba ya tafiya gidan mai da ƙafarsa. Duk lokacin da tsaro ya taɓarɓare ko mai ya yi wuya, manomin rani ne ke fara komawa hannun 'yan bumburutu, shuka kuma ba ta san uzuri ba.

A nan ne sola ta fi dacewa da mu. Lokacin da shuka ta fi jin ƙishi shi ne lokacin da rana ta fi ƙarfi. Famfon ban-ruwa na sola ba ya buƙatar batir, wanda shi ne ya fi komai tsada da saurin mutuwa a harkar. Rana ta fito ruwa ya zubo, ta faɗi ya tsaya. Faranti mai kyau na iya shekara 20 yana aiki, kuma farashinsa a kasuwar duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Kawuna ya sayi irin wannan famfon bara. Na fara yi masa bayanin hayaƙi da ɗumamar yanayi kamar yadda muka karanta, sai ya katse ni. "Kai ɗan boko, ni jarka nake gudu." Na yi shiru, don ya fi ni gaskiya. Kuma ba daɗi zalla ya sha ba. Farantin farko da aka sayar masa a wani shago, abin da aka rubuta a bayansa daban, abin da yake bayarwa daban, ruwa na fita kamar ana tsiyaya shi daga buta. Da ya koma aka ce masa hazo ne. Hazon ma gaskiya ne yana rage ƙarfi, kuma lokacin noman rani shi ne lokacin hunturu, dole kullum a goge ƙura. Sannan ya saba ban-ruwa da sassafe ko da yamma, yanzu sai ya jira rana ta ɗaga. Mafi ciwo, ba ya iya barin farantan su kwana a gona. Kullum da yamma yaransa na kwance su, su ɗora a baro zuwa gida, da safe a maido. Ranar da akwatin da ke sarrafa wutar ya ƙone, bakaniken da ke gyara masa injin fetur ya duba ya ce wannan ba layinsa ba ne, sai da aka kai Zariya. Kwana huɗu albasa na jiran ruwa, tsohon injin da ya ƙi sayarwa shi ya cece shi.

Duk da haka bai yi nadama ba, kuma maƙwabtansa na sha'awa. Abin da ya hana su saye guda ɗaya ne: kuɗin farko. Fetur tsada ne da shi, amma yana karɓar kuɗinsa kaɗan-kaɗan, yau lita uku, jibi lita huɗu. Sola na son a dire mata ɗaruruwan dubbai a rana ɗaya, wani tsarin ma ya haura miliyan, kuma a daidai lokacin da ake neman kuɗin taki da iri. Kawu sai da ya sayar da bijimi. Wanda ba shi da bijimi fa? Banki? A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke ɗorawa, ga shi da yawan iyayenmu ba za su taɓa bashi mai ruwa ba ko da araha ne. Haka mai ƙaramin ƙarfi ke ci gaba da biyan mafi tsada, don kawai ba shi da kuɗin sayen mafi araha.

Shi ya sa nake ganin mun ɓata bakinmu a wurin da bai dace ba. Maimakon tambayar yaushe Tesla za ta zo Funtuwa, mu tambayi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, ina tsarin da za su sayi famfo su sayar wa ƙungiyar manoma a biya bayan girbi biyu ko uku? Mu tambayi 'yan majalisarmu da shugabannin ƙananan hukumomi: idan an kawo kayan tallafi, wa ya samu, wa ya tantance ingancinsu, wa zai gyara? Rabon kaya a gaban kyamara abu ne mai sauƙi. Mu 'yan aikin jarida har darasi ake mana a kan yadda ake shirya irin wannan taron.

Abin hawa na lantarki da nake ganin zai iya rayuwa a garuruwanmu shi ne babur da Keke Napep. Babur ɗin fetur na cin kusan lita biyu da rabi zuwa uku a kilomita 100, wato wajen naira 3,000 idan lita na kan naira 1,000. Na lantarki yunit huɗu ko kusa da haka zai ci a wannan tafiyar. Ko da farashin rukunin A, wanda aka kai naira 225 kan yunit a Afrilun 2024, bai kai naira 1,000 ba. A Kwatano da Lome kamfanin Spiro, a Kigali kuma Ampersand, sun gano cewa ɗan acaɓa ba shi da lokacin zaman jiran caji kuma ba shi da kuɗin batir. Sai suka riƙe batirin a matsayin nasu, direba ya zo tasha ya ajiye wanda ya ƙare, ya biya, ya ɗauki cikakke cikin mintuna. A Maiduguri kuma Mustapha Gajibo ya fara da cire injinan ƙananan bas yana mayar da su na lantarki. Amma kada mu ruɗi kanmu. Wannan zai yi aiki ne a cikin garin Funtuwa ko Malumfashi, inda tafiya gajera ce kuma za a iya kafa rumfar canjin batir mai sola a bakin tasha. Wanda ke ɗauko buhun masara biyu daga ƙauyen Ɗandume ko Sabuwa cikin taɓon Agusta zai daɗe tare da babur ɗinsa na fetur.

Manyan ayyuka kuwa, mu Katsinawa mun ga darasi. Tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, injina 37 da aka tsara su ba da megawat 10, tun zamanin marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ake batunta. A Disambar 2012 aka sace injiniyan Faransa da ke aikin, aka shafe sama da shekara goma ana jan ƙafa. Ba ina cewa a daina manyan ayyuka ba ne. Amma famfon kawu ranar da aka sauke shi a gona ranar ya fara ba da ruwa.

Saura kai da ke riƙe da waya, da ke 'yar'uwa. Kwana huɗun da albasar kawu ta yi tana jira, sana'a ce ke neman mai yi. Duk faranti da inbata da famfon da aka sayar a yankin nan wata rana zai nemi mai gyara, kuma yanzu kuɗin gyaran Zariya da Kano ke cinye shi. Wanda ya koyi haɗa sola da kyau, ya mallaki ɗan mitan gwaji, ya iya gaya wa manomi gaskiyar abin da faranti ke bayarwa kafin ya biya, ba zai rasa ciniki ba daga Bakori har Ƙanƙara. Akwai kuma batun matattun batura. Masu ruwan nan dalma ce a cikinsu, kuma mun san abin da gubar dalma ta yi wa yara sama da 400 a Zamfara a 2010, duk da cewa can daga haƙar zinare ta fito. Idan ka ga ana fasa batir a tsakar gida ko a bayan shago inda yara ke wasa, wannan ya fi motar wani attajiri cancantar bidiyo.

Kawu dai ya shiga adashe da mutum biyar na fadamarsu, kowa zai kwasa bayan an sayar da albasa. Sharaɗin da suka gindaya wa mai shago a wannan karon shi ne sai an gwada faranti a gona, da tsakar rana, a gabansu, kafin ya ga ko sisi.