Kafin ka kalli Shaihu Umar, gyara zamanka

1/ Jama'a, zare ne. Duk mai niyyar kallon fim ɗin Shaihu Umar na 1976, ya san abin da zai tarar. Idan ka zo da idon Labarina ko Kwana Casa'in, minti goma ba za ka yi ba ka ce "wannan ai barci ne". Ni kuwa cewa nake, matsalar ba daga fim ɗin take ba.

2/ Adamu Halilu ne ya ba da umarni. Labarin daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa aka ɗauko, wanda ya rubuta don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Ɓalewa kuwa a Kwalejin Katsina ya yi karatu, ka ga mu ma muna da hannun riga a ciki.

3/ Abu na farko: sauri. Fim ɗin ya haura awa biyu, kuma ba ya gaggawa. Malam zai zauna, almajirai su tambaye shi asalinsa, ya ba da labari a natse. Haka dattawa ke hira har gobe a ƙofar gida a Mawashi. Wanda ya katse su da "Baba, yi sauri" ya san me zai ji.

4/ Na biyu: ba rawa, ba waƙar soyayya, ba kiɗan fiyano irin na Sangaya. Kannywood ma ba a haife ta ba lokacin, Turmin Danya sai 1990. To don Allah kada ka nemi jika a fuskar kaka.

5/ Na uku shi ne mai nauyi: bauta. An sace Umar yana yaro, Balarabe Abdulkarim ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa, har ya zama malami. Labarin bai tsaya yana tsine wa fataken bayi kamar yadda ɗan jami'a na yau zai so ba. Ƙaddara ya jingina wa abin.

6/ Nan fa ban ce ka yi shiru ba. Ka yi fushi in fushin ya zo, ka yi muhawara. Amma ka tuna, a 1933 akwai mutanen da aka sayar a kasuwa suna raye. Yadda marubucin wancan lokaci ya kalli abin, shi kansa tarihi ne.

7/ Inda ba zan rage tsammani ba ko kaɗan shi ne uwar Umar. Mace ta bar gida tana neman ɗanta, ita ma aka kama ta aka sayar, ba ta fasa nema ba. Mu 'yan Katsina da muka ga an kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamba 2020, wa zai ce mana wannan labari ya tsufa?

8/ Abin kunya ma, fim ɗin ya yi shekaru kamar ya ɓata. Sai 2016 aka gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara shi da taimakon wata cibiya a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018. Su suna tafi, mu muna tambayar "waye jarumin?"

9/ Abin da muke yi wa dariya, ba ma adana shi. Haka kaset-kaset na Samanja da Karambana za su bi iska muna kallo. Shekara hamsin nan gaba jikokinmu za su kalli namu su ce "kai, ji wani irin hoto".

10/ In za ka kalla, ajiye hira a WhatsApp, ka jira dare ya yi sanyi, ka kira wani babba a gidanku ya zauna kusa. Wallahi abin da zai tsinto a tufafi da gaisuwa da zaman fada, kai ba za ka gani ba. Wanda ya kalla ya faɗa min yadda ya ji da uwar Umar.