Laifin Kalangu Ne Ko Na Kunnuwanmu?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in amayar da wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro tun zangon karatun da ya wuce. In maganar ta yi wa wani ɗaci, to ya yi haƙuri, dama haka gaskiya take.

Ni mutumin Batsari ne, dangin mahaifiyata kuwa suna ƙasar Safana, wajen Runka. Da na je hutu sai wani mai tura waƙoƙi a kasuwa ya juye mini tsofaffin kaset-kaset na Kassu Zurmi da na Muhammadu Gambu, mutumin Fagada ta Jihar Kebbi. Kassu ya yi wa 'yan tauri kiɗa, ya kuma taɓa ɓarayi. Gambu kuwa da waƙar ɓarayi duniya ta san shi. Wanda ya taɓa jin su ya san ba kiɗan lallashi ba ne. Kalangai ne ke kuka kamar fata za ta tsage, ga murya a dishe, ga kirari kan kirari, ga baƙar magana, ga kuma shuuu ɗin tsohon kaset.

Ran nan da dare na kunna a ɗakinmu na kwana. Ko minti biyu ba a yi ba wani ya ce, "Malam, kashe mana hayaniyar nan, ba a tasha muke ba." Wani ya tashi yana rawar shaƙiyanci, wai kiɗan ƙauyawa ya motsa. Na ukun shi ya fi ba ni haushi, don ajinmu ɗaya, Hausa yake karanta kamar ni. Cewa ya yi wai irin waɗannan waƙoƙi su suka haifi 'yan bindiga, saboda haka a hana sa su, a kuma daina ambatonsu a aji. To bari in bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai cewa hayaniya ce, ina tambayarka: da wace murya kake so a kira namiji ya fito ya tari wuƙa? Kiɗan maza ba don a yi barci aka yi shi ba, don jini ya tsuma aka yi shi. Kaushin nan da kake ƙi shi ne gwanintar. Wanda ya nemi laushin begen amarya a kiɗan tauri, shi ya yi ɓatan kai, ba makaɗi ba.

Kai kuma mai rawar shaƙiyanci, na sha jin ka kana yabon Fela, wai jarumi ne, don ya yi faifan Zombie ya zagi soja har suka ƙone gidansa na Kalakuta a 1977. Madalla. A wannan shekarar ce kuma wasu samari a Ingila, Sex Pistols, masu kiɗan da ake kira punk, suka fitar da faifai mai kaushi wanda sunansa kansa ashar ne. BBC ta ƙi sa waƙarsu da ta taɓa Sarauniya, manyan kantuna suka ƙi sayar da faifan, aka kai wani mai kanti kotu a Nottingham don ya kafa shi a taga. Ka san wanda ya je ya ba da shaida? Shehun malami ne na sashen Ingilishi na jami'ar garin, Farfesa James Kinsley. Shi ya warware wa alƙalai tarihin kalmar, aka sallami mai kanti. Watau masanin harshensu bai toshe hanci ba, zuwa ya yi ya yi aikinsa. Mu kuwa in Bature ya yi ihu sai mu ce falsafa ce, in Bazamfare ya yi sai mu ce ƙauyanci. Wannan ba wayewa ba ce, raina kai ne.

Sai abokina mai neman a hana. Kai ne maganarka ke da nauyi, domin jini ke cikinta, kuma ba kai za ka ba ni labarin jinin ba. A watan Mayu na 2019 an kashe manoma 18 a 'Yargamji ta ƙasar Batsari, har mutane suka ɗauko gawawwakin suka kawo Katsina don shugabanni su gani da idonsu. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. A Satumbar 2021 har layukan waya aka yanke mana, mu da Safana da maƙwabta. Amma ka gaya mini, kalangu ne ya yi wannan? An shekara da shekaru ana jin Kassu da Gambu a kasuwanni da tashoshi, iyayenmu na noma a bakin Dajin Rugu, suna kwana a gona. Abin da ya sāke ba kiɗa ba ne. Bindigogi ne suka malalo ta kan iyaka, musamman bayan rushewar Libiya a 2011. An cinye burtali da makiyaya, satar shanu ta zama sana'a, rashin adalci ya yi yawa, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mutanen daji ta ci mai laifi da marar laifi. A bar jaki a doki taiki, shi ne a ɗora wa kaset wannan kaya.

Ban ce ɓarayin da Gambu ya wasa waliyyai ba ne, cikinsu har da masu kisa. Ban kuma goyi bayan masu yi wa shugabannin 'yan bindiga waƙa yau don a cika musu aljihu ba. Za ka ce ai Gambu ma abin da ya yi ke nan a zamaninsa. Haka ne, kuma shi da bakinsa ya ce ya tuba ya bari kafin rasuwarsa a 2016. Amma abin da ya riga ya shiga kaset ya zama shaida. A cikinsa ake ganin yadda ake ɗinka wa ɓarawo rigar jarumi, da laƙabi da kirari da labarin layu. Wanda bai san wannan ɗinki ba, yaya zai warware shi daga zuciyar yaron da ke sha'awar ɗan bindiga yau? Likita ba ya ƙyamar gyambo.

Akwai mai sauraro guda da na sarar wa. A gida na kunna waƙoƙin nan a zauren Kawuna, tsohon ɗan tauri ne. Da Kassu ya ɗauka sai na ga jikin Kawu na ɓari, idonsa ya kaɗa, kamar ba shi ne mai dogara sanda ba. Da aka shiga Gambu sai maƙwabcinmu, wanda aka kashe wa ɗa a gona, ya miƙe ya sa takalmansa ya fita, ko uffan bai ce ba. Kawu ya dube ni ya ce, "Kashe, ɗan nan. Ba yau ba." Na ce, "To, Kawu," na kashe, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Ku lura, bai ce hayaniya ce ba, bai ce a ƙone ba. Ya san darajar kiɗan, ya kuma san zafinsa. Mai makoki yana da ikon ya ƙi ji. Ɗalibin Hausa ba shi da wannan uzuri.

Saboda haka ina kira ga shugabannin ƙungiyarmu da malamanmu. A ware rana a saurari waƙoƙin nan a zauren taro, a rubuta su, a yi muhawara a kansu ido na ganin ido. A kuma tura mu mu ɗauko muryoyin tsofaffin makaɗan tauri da na farauta na Batsari da Safana, waɗanda gudun hijira ya warwatsa cikin garuruwa, tun ba su tafi da abin da ke kansu ba. In mun tsaya ƙyama, gobe baƙo ne zai zo ya rubuta, mu kuma mu saya da tsada muna yaba masa.

Wanda bai yarda ba, fili na nan, ya ɗauki alƙalami. Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin. Wassalam.