Ribar Gwanjo a Tukunya Take Ƙonewa

'Yan'uwana ɗalibai, akwai wata sana'a da ta cika ɗakunan kwananmu, amma ba mu cika son kiran ta da sunanta ba. Duk wanda ya buɗe WhatsApp da daddare zai ga hotunan riguna da wanduna da takalma da jakunkuna, an rataye su a bayan ƙofa, an rubuta farashi a ƙasa. Mai kayan zai laƙaba musu wani suna na Turanci mai daɗin ji. To amma Bahaushe gwanjo yake ce musu. A nan kudu ana ce musu okirika, daga sunan garin Okrika na Jihar Ribas, kamar yadda Bayarabe yake kiran tsohuwar mota ko firjin da aka yi amfani da shi a waje tokunbo. Ita kalmar gwanjo asalin ma'anarta sayar da kaya a bainar jama'a ga wanda tayinsa ya fi tsoka. Sannu a hankali ta koma sunan kayan da wani ya riga ya mora.

Ra'ayina a kan wannan sana'a shi ne, ɗalibin da yake yin ta bai yi abin kunya ba, kuma sana'a ce ta masu ilimi. Sai dai mafi yawan waɗanda na ga sun karye a cikinta kasuwa ba ta yi musu komai ba. Cikinsu ne ya cinye jarin.

Mu fara da dalilin da ya tura mu ciki. Ranar 29 ga Mayu, 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur. A watan da ya biyo baya aka saki Naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen Naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. A tsakiyar wannan shekarar Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari. Jami'o'in tarayya da dama kuma sun ƙara kuɗin rajista a 2023. Kuɗin da iyaye suke aikowa kuwa, in ma ya ƙaru, bai bi sawun waɗannan ba. Wanda yake wa ɗalibi mai sayar da gwanjo kallon raini, sai ya fara gaya mana inda zai samo cikon.

Na ce sana'ar masu ilimi ce, ga abin da nake nufi. Kayan suna zuwa ne a ɗaure cikin dila, galibi mai nauyin kilo 45 ko 55, kuma mai sayen dila ba ya ganin cikinta sai ya biya. Wannan caca ce da ɗalibi ba shi da ƙarfinta. Abin da yake iya yi shi ne ya yi sammako zuwa Katangowa a Abule Egba, ko Yaba, ko kasuwar Aswani ranar Talata, ya tsaya a kan mai dila lokacin da ake yanka igiyarta. Zaɓin farko ya fi tsada, amma a cikinsa ribar take. Wanda ya zo da hantsi ya tarar da abin da idanu ashirin suka duba suka ajiye.

A nan ne bincike yake shigowa. Riga ana fara duba wuyanta da hammatarta, domin nan ne datti da gumi suke barin tabon da sabulu ba ya fitarwa. A ɗaga ta a rana, ƙananan hudoji za su bayyana. A ja ɗinkin a hankali. A zuge zif sau uku, a ƙirga maɓallai. Wandon jins kuwa tsakanin cinyoyi ake dubawa, nan yake fara sirancewa. Takalmi a lanƙwasa tafinsa, idan ya daɗe a ajiye robar takan mutu, ta yi kyau a ido amma ta farfashe a sati guda. Bayan haka sai tambarin kamfani. Yau kowa yana da waya, minti biyu ya isa mutum ya ga nawa ake sayar da sabuwar wannan riga a ƙasar da ta fito, ya kuma ga yadda tambarin gaskiya yake, saboda jabu ma yana shiga dila. Kama da wane ba ta wane. Mai dila yana da ɗaruruwan kaya a gabansa, ba shi da lokacin wannan dube-dube. Ratar da ke tsakanin abin da ya sani da abin da kai ka sani, ita ce ribarka.

Mu da muke nazarin harshe ya kamata mu fi kowa fahimtar wannan, domin haka abin yake a wajen littattafai. Masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a Ojuelegba da Yaba sau da yawa kauri da kyan bango suke dubawa su yanke farashi. A ce ƙamus ɗin Bargery na 1934 ko na Abraham na 1949 ya faɗo cikin tarin, bangonsa ya yage, takardunsa sun yi ja. A wurin mai shimfiɗar takardar ƙunshe ƙosai ce. A wurin ɗalibin ajin ƙarshe da ke rubuta kundi kuwa dukiya ce. Littafin bai canja ba, mai kallonsa ne ya bambanta.

Wani gargaɗi kafin in wuce. Tsofaffin wayoyi da kwamfutoci sun fi tufafi riba, sun kuma fi su haɗari. Karɓar kayan sata laifi ne a dokar ƙasa, kuma "ban sani ba" ba ta cika fitar da mutum daga hannun 'yan sanda da wuri ba. Wayar da babu rasiti, ko lambar da take nunawa idan an danna *#06# ta saɓa da ta jikin kwali, a bar ta komai araharta. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya tsaya a tufafi da littattafai da kayan ɗaki.

To, mu koma kan tukunya, wadda ita ce ainihin maganata.

Mu ɗauka misali ɗaliba ta fita da Naira 30,000, ta zaɓo riguna goma sha biyu. Ta biya kuɗin mota zuwa da dawowa, ta sayi sabulu, ta wanke, ta goge, ta ɗauki hoto. Kuɗin ba sa dawowa a dunƙule. Yau an sayi ɗaya, jibi biyu, wata ƙawa ta ɗauki uku ta ce sai ƙarshen wata. Kuɗin da suka shigo da ɗaiɗai kuwa ba sa kama da jari, kama suke da kuɗin kashewa. Ta fito daga lacca ƙarfe huɗu, yunwa ta ci ta, ga sanarwar shigar kuɗi a waya, ga mai shinkafa da kaza a bakin hanya. Sau goma aka yi haka, an ci riba an haɗa da uwar kuɗi. Ranar komawa kasuwa ta zo, sai a ji ta tana cewa gwanjo ba riba. Ai da riba, an dai zuba ta a faranti ne.

Saboda haka a ganina girki wani reshe ne na wannan sana'a. Wanda zai sayar da gwanjo bai iya dafa wake ba, ya fara da rabin jari. Kuma a nan mu ɗaliban Hausa muna da wata gata da ba mu cika lura da ita ba. Mun haddace sunayen abincin Hausawa domin jarrabawar darasin al'ada, mun rubuta, mun manta. Alhali yawancin abincin nan an gina shi ne a kan lissafin mutanen da damina ɗaya suke samu a shekara, dole su adana abin da zai kai su wata. Kuka, busasshiyar kuɓewa, kauɗa, daddawa, ƙuli-ƙuli, garin yaji: babu ɗaya a cikinsu da yake buƙatar firji, kuma kowa ya san halin wutar lantarki a ɗakunanmu. Miyar kuka cokali biyu na gari take ci, da daddawa da ɗan busasshen kifi, ta ɗauki tuwon mutum uku. Garau-garau shinkafa ce da wake da mai da yaji, ba ruwanta da tumatir. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsar nan ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har ya gagari talaka a Legas. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli ko wuta ba ya ci sosai. Ɗanwake yana riƙe ciki daga safe har la'asar. Awara tana tsayawa a madadin nama, kuma daga waken suya take.

Ban ce mu bar namu na gida ba. Daddawar nan ita ce iru da muka tashi da ita, gandar Bahaushe kuma ita ce ponmo. Garin rogo da ƙuli-ƙuli ya haɗa kudu da arewa tun kafin a haife mu. Abin da nake cewa shi ne a yi wa tukunya irin binciken da ake wa riga. Wake idan an jiƙa shi tun dare, gas ɗin da yake ci yakan ragu. Mutum huɗu idan suka yi karo-karo suka sayi kwano, ya fi kowa ya riƙa sayen gwangwani-gwangwani. Tumatirin da ya fashe a kwando ana sayar da shi da rahusa, kuma ba laifi in fashewa ce kawai ta yau, amma wanda ya fara furfura ko wari a bar shi, kuɗin asibiti ya fi ragin da aka samu.

Sai kuma harshen da kansa. Kayan miyar da ake saukewa a Mile 12 yawancinsu daga arewa suke, masu sayarwa da yawa kuma Hausawa ne. Haka a Sabo ta Ibadan, haka a wasu layukan Katangowa. Mu da muka koyi Hausa a aji mukan ji nauyin buɗe baki, muna tsoron karin sauti ya tona mana asiri. To ya tona mana! Ka gaida mutum, ka tambaye shi kasuwa, ka taya. Idan ya ce "albarka", bai kore ka ba, cewa yake ka ƙara. Idan ya ce "na sallama", ciniki ya faɗa, sai ka nemi gyara. Wannan gyarar ce fa ta zama jara a bakin kowa a Nijeriya. Ba na cewa Hausa za ta sa a ba ka kaya kyauta, ɗan kasuwa ɗan kasuwa ne. Amma wanda ya saba da kai shi ne zai gaya maka ranar da motar albasa za ta iso, ko ranar da zai buɗe sabuwar dila, kuma wannan labari kuɗi ne.

Na san akwai masu suka, kuma sukarsu tana da nauyi. Na farko, tufafin gwanjo suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ƙasar nan. Yawanci ta Kwatano suke biyowa, shi ya sa da aka rufe kan iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 'yan kasuwa suka ji a jikinsu. Na biyu, ana cewa gwanjo ne ya kashe masaƙunmu. Kaduna ta fara da masaƙar KTL a 1957, ta zama cibiyar saƙa, har UNTL ta rufe ƙofa a 2007 dubban ma'aikata suka koma gida. Amma a ɗora wa gwanjo laifin shi kaɗai zalunci ne. Rashin wuta da tsadar baƙin mai da sababbin atamfofin Sin da aka yi fasa-ƙwaurinsu sun fi shi ɓarna, domin masaƙun nan atamfa da yadi suke yi, ba wandon jins ba. Dokar da kowa yake takawa da rana tsaka, har da iyalan masu tsaron ta, amfaninta ɗaya ne: tana ƙara kuɗin hanya, mai saye ya biya. Gara a halatta a sa haraji a fili. Ko da yake wannan ma yana da nasa rikicin. Ƙasashen gabashin Afirka sun shirya hana gwanjo a 2016, Amurka ta matsa, sauran suka ja da baya, Ruwanda ta dage, sai aka dakatar da rangwamen harajin da tufafinta suke samu a kasuwar Amurka a 2018.

Suka ta uku ita ce ta fi damuna. Wani kaso na abin da ake ɗaurowa a dila shara ce kawai da masu ita suka rasa inda za su zuba. A kasuwar Kantamanto ta Ankara, wadda gobara ta cinye babban ɓangarenta a Janairun 2025, ƙungiyar Or Foundation ta ƙiyasta cewa tufafi miliyan 15 ne suke shigowa duk mako, kusan kashi 40 cikin ɗari kuma a juji da bakin teku suke ƙarewa. Ɗalibin da ya iya zaɓe ba zai magance wannan ba. Iyakar abin da yake hannunsa shi ne kada ya sayar wa ɗan'uwansa abin da ya san ba zai kai wanki biyu ba, kuma idan akwai tabo ya nuna shi a hoto.

Ina da roƙo ɗaya ga shugabannin ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa. Duk ƙarshen zango 'yan ajin ƙarshe suna barin katifu da bokitai da risho da tukwane da littattafan nahawu, wasu a zubar, wasu 'yan jari-bola su kwashe a kuɗin da bai kai na ruwan leda ba. Bayan wata biyu sababbin ɗalibai su zo su sayi irin waɗannan kaya sababbi da tsada. A ware rana ɗaya a makon ƙarshe na jarrabawa, a fito da tebura uku a gaban sashe, a yi gwanjo irin na asali, da mai shela da tayi da sallamawa, kuma a sa sharaɗi cewa da Hausa kaɗai za a yi ciniki. Abin da bai samu mai saye ba a ajiye shi a ofishin ƙungiya har 'yan aji ɗaya su iso.