Kalmomin da Yaro Ke Shigowa da Su Aji

Kowace al'umma tana ajiye tarbiyyarta a cikin kalmomin da take furtawa kullum. Mutanen Danmak, a arewacin Turai, idan sun gama cin abinci sukan ce wa wanda ya dafa "tak for mad", wato an gode da abinci, kuma tun yaro yana ƙarami ake koya masa haka. Mu ma a ƙasar Funtua da Malumfashi muna da namu kalmomin, kuma hakkinsu yana wuyanmu, mu malamai.

A kasuwar hatsi ta Dandume, idan mai saye ya taya buhun masara tayin da bai kai ba, mai kaya yakan ce "albarka". An ƙi tayin ke nan, amma ba a kunyata kowa ba. Mai awo kuwa, in ciniki ya faɗa, sai ya ƙara "gyara", domin a rabu rai fari. A gona, wanda aka tambaya "ina aiki?" yakan amsa "aiki da godiya". Wanda aka ce wa "yaya ruwa?" sai ya ce "ruwa ya yi gyara". Kalmar "gayya" ita kaɗai ta isa ta tuna wa yaro cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A gida, uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, yaro kuma ba ya ce wa babba "kai" gatsal, sai Baba, ko Kawu, ko Malam. Kunya da kara ke nan a aikace.

A 1974 masanin nan Anthony Kirk-Greene ya wallafa nazarinsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, ya lissafa halaye goma, cikinsu har da gaskiya, amana, haƙuri, kunya, ladabi da mutunci. Duk kalmomi ne da ɗan aji ɗaya yake ji a tsakar gidansu tun kafin a saya masa littafi.

To, ya ku 'yan uwa, me muke yi da wannan guzuri? Har yau akwai makarantun da ake rubuta sunan yaron da ya yi Hausa a aji, a ci shi tara ko a sa shi durƙuso. Abin da yaron ke fahimta shi ne harshen da yake gaida iyayensa da shi abin kunya ne. Ran da ya raina harshen, ladabin da ke cikinsa ma zai raina, sannan mu dawo muna kukan yaran zamani ba su da tarbiyya.

Masu wannan horo suna da hujjarsu: da Turanci ake rubuta yawancin darussan jarrabawar WAEC da NECO, kuma ɗan manomi yana bukatarsa kamar kowa. Gaskiya ne, kuma wajibi ne mu koyar da shi da kyau. Sai dai tsoro kan sa yaro ya yi shiru, mai shiru kuwa ba ya koyon kowane harshe. A 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta amince a fara koyar da yaro da harshen uwa. Gwamnati na iya sauya manufa, amma yadda malami ke karɓar maganar yaro a ajinsa yana hannun malamin.

Don haka ina kira ga reshenmu da ya tsaya kan abu uku. A daina tara da horo saboda yin Hausa. A daina sarayar da darasin Hausa duk lokacin da wani aiki ya taso. A kuma riƙa sa yara su tattaro gaishe-gaishe da kalmomin noma daga kakanninsu, a tattauna ma'anarsu a aji, sannan a nemi yadda za a faɗe su da Turanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa albarka a aikinmu, amin.