DAGA BAYAN GIDA: Baƙon Barkono Ya Ɓata Irin Mma

 Yau labarin ɓarna na kawo muku, kuma da hannuna na yi ta.

Shekara uku ke nan wani ƙanena da ke Ingila ya aiko mini da ƙwayar barkono goma a ambulan. Sunansa bhut jolokia, asalinsa Assam ta ƙasar Indiya, kuma a 2007 littafin Guinness ya ce duk duniya babu wanda ya kai shi zafi. Akwai ma'aunin zafin barkono da wani Ba'amurke, Wilbur Scoville, ya fito da shi a 1912. A kansa attarugu irin namu yakan tsaya tsakanin 100,000 da 350,000, wannan kuwa ya haura miliyan 1. Shi ma an wuce shi, domin a 2023 wani da ake kira Pepper X, daga Amurka, ya kusa miliyan 2.7.

Na shuka su a gwangwanin tumatir, sai da suka yi wata guda kafin huɗu su tsiro. Zafin Yendi na Maris da Afrilu ya kakkaɓe musu fure, sai da damina ta zauna suka yi 'ya'ya, jajaye masu tamoji.

Gwajin farko shito muka yi. Na nace aka jefa uku. Kafin mai ya gama soyuwa gidan haya kaf ya kama tari, har akuya ta bar tsakar gida. Uwargida ta ce, "Maigida, wannan abinci ne ko maganin sauro?" Wanda ya ɗanɗana ya ruga randa, ruwa kuwa ba ya kashe wannan wuta, sai nono ko madara, don abin da ke ƙunar a maiƙo yake narkewa. Kuma ba a ƙwayar zafin ya fi yawa ba, a farin naman da ƙwayar ke manne ne. Daga baya muka gane kansa: rabin guda a kwalbar man gyaɗa, ya kwana uku, a ɗiga kaɗan a kan wace ko tuwon zafi. Nan kam ba laifi.

To, ga ɓarnar. Mahaifiyata tana da irin attarugu da ta zo da shi daga Salaga tun aurenta, ɗan gajere mai ƙamshi, tana adana ƙwayarsa cikin toka. Ni kuma, don sauƙin ban ruwa, na dasa baƙon a gefensa. Ashe dangi ɗaya ne, kuma ƙudan zuma ba ruwansa da wane ne ɗan gari. A wannan shekarar ba mu ga komai ba, domin gaurayar a cikin ƙwaya take ɓuya, sai an sake shukawa. Da muka shuka bara, sai ga 'ya'ya dogaye, zafi kamar garwashi, ƙamshin da muka sani babu. Mma ta fasa ɗaya, ta sansana, ta ce, "Ɗan nan, wannan ba nawa ba ne." Ba ta ƙara ko kalma ba, kuma da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Don haka mai son gwada baƙon iri, bismilla, amma ya nesanta shi da na gida. In fili ya yi kaɗan, kamar yadda yake a zango, a sami ƙyallen gidan sauro a ɗaure reshe tun fure bai buɗe ba. Barkono yakan ɗaura ɗa da kansa, a riƙa ɗan girgiza reshen kawai. In ya ɗaura, a sa masa zare don shaida, a ɗebi iri daga nan kaɗai. A kuma sa leda a hannu wajen yanka, a kau da yara.

Gwaggona a Salaga ta aiko cewa tana da sauran tsohon irin a kwalba. Ranar Asabar zan bi motar Bimbilla in karɓo.