Lambar Harsashi Kamar Tiyar Kasuwa Ce

 A wannan wata zancenmu a kan harsashin bindigar farauta ne, wanda wasu ke kira kartushi. Kada makiyayi ya ce ba ruwansa. Labarin da zan ba ku, a jikin karsana ya ƙare.

Bara da rani kawuna ya tafi tabkin bayan garinmu harbin dinya. Tsohon maharbi ne, takardunsa cikakku. Shekara talatin ke nan yana aiki da harsashi mai lamba 00. Nasa ya ƙare, sai wani abokinsa da ya dawo daga fatauci ya ba shi guda biyar. Kawu ya duba, ya ga 00 a jiki, ya zuba aljihu. Dinya ta tashi, ya ɗaga bindiga ya harba. Dinya ta yi tafiyarta. Amma can ƙetaren tabki, wajen mita 400, wata karsana ta zabura, jini na zuba a cinyarta. Yaron da ke kiwo yana tsaye, tsakaninsa da ita bai fi taki goma ba.

Aka tafi gaban mai gari. Kawu ya ce: "Ranka ya daɗe, tun ina saurayi nake harbi a bakin tabkin nan. Dalmata ba ta taɓa ƙetare ruwa ba." Gaskiya ya faɗa. Amma da aka ciro dalmar daga cinyar karsana, sai ga ta kamar ƙwayar wake. Shi kuwa dalmar da ya sani, ƙwayar dawa ce girmanta.

Washegari muka kai ɗaya daga cikin sauran harsasan wurin maƙerin bindiga. Ya buɗe bakinsa, ya zazzage a faranti. Ƙwaya 9. Ya ɗauko irin wanda Kawu ya saba da shi, ya buɗe. Ƙwaya kusan 60. Dukansu an buga musu 00. Kawu ya daɗe yana kallon farantin, sa'an nan ya ce mini: "Kai ɗana, da ka yi karatu, gaya mini. Sifiri biyu ba sifiri biyu ba ne?"

To, a'a. Kun san tiya. Sunanta ɗaya a ko'ina, amma tiyar wannan kasuwa ba lalle ta yi daidai da ta waccan ba. Mai wayo in ya je baƙuwar kasuwa, sai ya ɗauki tiyar ya duba kafin a auna masa. Haka lambar dalma take. Suna ne kawai, ba awo ba ne.

Abin ya samo asali tun da daɗewa. A shekarar 1782 wani mutumin Ingila mai suna William Watts, a garin Bristol, ya sami takardar mallakar wata dabara. Ana narka dalma a saman dogon gini, a zuba ta cikin rariya. Tana gangarowa tana dunƙulewa, ta faɗa cikin ruwa ta daskare. Daga nan a tankaɗe, a ware manya da ƙanana, a ba kowane kashi lamba. Kowace masana'anta da nata rariya, kowace ƙasa da tata ƙidaya. A cikin Faransa kaɗai, Paris da Lyon kowa na da tasa. Har yau ƙasashen duniya ba su haɗu a kan ƙidaya ɗaya ba. Inda suka yi daidai shi ne: lamba na hawa, ƙwaya na ƙanƙancewa. Lamba 8 ta fi lamba 4 ƙanƙanta.

Awon gaskiya shi ne milimita. A jikin kwali ana rubuta shi da haruffa biyu: mm. Milimita 10 su ne santimita 1.

Ƙidayar Paris ta fi sauƙin riƙewa. Lamba 1 milimita 4 ce. Kowace lamba aka hau, sai a rage kwata ɗaya na milimita. Ke nan lamba 5 milimita 3 ce, lamba 6 kuma 2,75, lamba 9 milimita 2. In aka koma wajen manya, 0 tana da 4,25, 00 kuma milimita 4 da rabi. Jamus da Rasha ma haka suke ƙirgawa. Wannan 00 ita Kawu ya sani.

Ingila ba haka take yi ba. Su ƙirga ƙwayoyi suke yi a cikin wani awon nauyi nasu, mai giram 28 da ɗan ɗori. In ƙwaya 270 suka cika shi, lamba 6 ke nan, kaurinta milimita 2,6. A Italiya lamba 6 milimita 2,7 ce, a Amurka 2,8. Wani zai ce wannan ai bambancin gashin kai ne. Ba ƙarami ba ne. A harsashi mai dalma giram 32, lamba 6 ta Faransa ƙwaya ce wajen 260, ta Ingila kuwa wajen 300. Sun fi yawa, amma kowace ta fi rashin nauyi, ƙarfinta kuma ya fi saurin ƙarewa a iska. Mutum ya harbi zabon daji a nisan da ya saba, ya ga gashi ya tashi, zabo ya tsere da rauni ya je ya mutu a kurmi. Ba nama, ba harsashi. Sai ya ce hannunsa ne ya lalace, ko an yi masa baki.

Amma babban haɗari wajen manyan ƙwayoyi yake. Maharban Najeriya da Gana sun saba da haruffan Ingila, irin su BB da AAA. BB ta Ingila milimita 4,1 ce, ta Amurka 4,6. A Amurka kuma ƙidaya biyu ce. Ɗaya ta tsuntsaye, ɗaya ta manyan namun daji. Ta manyan ana buga mata kalmar Buck. Lamba 4 ta tsuntsu milimita 3,3 ce, amma 4 Buck 6,1 ce. Ita kuwa 00 Buck milimita 8,4. Ƙwaya ɗaya tata ta fi shida na Faransa nauyi. Ita ce ta sami karsana. A Italiya kuma 00 milimita 4,1 ce. Kun ga sifiri biyu iri uku ke nan. Kuma sanin ƙasar da aka yi harsashi bai isa ba, don masana'antu da yawa na Turai suna yin 00 Buck saboda masu saye na waje. Wani lokaci kalmar Buck tana jikin kwali kawai, a jikin harsashin sai lamba tsirara. Mu kuwa nan ɗaiɗai ake ba mu, kwalin ya daɗe da zama wurin ajiyar allura.

Yanzu ga lissafin da nake so kowa ya riƙe, maharbi da makiyayi. Wani hafsan sojan Faransa, Janar Journée, shi ya fitar da shi, kuma ana koya wa masu neman takardar farauta a can. A ɗauki kaurin ƙwaya da milimita, a ninka sau 80. Abin da ya fito shi ne iyakar mitocin da za ta iya zuwa in an ɗaga bakin bindiga sama. Lamba 6 ta Faransa, mita 220. 00 ta Faransa, mita 360. 00 Buck, wajen mita 670. Harbin da ke kama nama kuwa bai cika wuce mita 35 ko 40 ba. Duk sauran tafiyar nan, dalma ba ta neman dinya. Abin da ta tarar shi take samu: saniya, mai tsaron gona, ko yarinya mai ɗibar ruwa. Dalmar Kawu ta da tana faɗawa cikin tabki shekara talatin, shi ya sa bai taɓa sanin iyakarta ba.

Akwai wasu lambobi a jikin harsashi, kada a ruɗe su da ta dalma. 12, 16 ko 20, faɗin bakin bindiga ne. 65, 70 ko 76, tsawon kwanso ne da milimita bayan an harba. 28, 32 ko 36, nauyin dalma ne da giram. Kada a sa mai 76 a bindigar da aka yi don 70. Zai shiga, amma ƙarfin albarushi zai yi wa bindigar yawa. Kada kuma a haɗa 20 da 12 a aljihu ɗaya. Na 20 yana zarcewa cikin bututun mai 12 ya maƙale. In aka ɗora wani a bayansa aka harba, bututun fashewa yake yi a hannun mutum.

Wani sabon abu kuma: yanzu ba duk ƙwaya ce dalma ba. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, ƙasashen Tarayyar Turai kuma sun hana ta a fadamu da tabkuna a 2023, saboda tsuntsaye na haɗiye ta su mutu. Sai ake yin ƙwayoyin ƙarfe. Ƙarfe bai kai dalma nauyi ba. Lamba ɗaya, kauri ɗaya, amma aiki dabam. Yana kuma ƙwacewa in ya bugi dutse, ga shi da wahalar da tsohuwar bindiga.

To me za a yi? In za ka sayi harsashi, ka ce a nuna maka kwalin. Ka nemi mm, ka karanta lambar da ke gabansu. Wasu na rubuta 2,75 da waƙafi, wasu 2.75 da ɗigo, duk ɗaya ne. Wannan ita ce lambar da ba ta canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa. In babu mm, ka sadaukar da guda ɗaya. Ka kai wa maƙerin bindiga ya buɗe, nesa da wuta, kada ka yi da kanka. Ku naɗe takarda ku jera ƙwaya goma a cikin naɗin, suna taɓa juna. Ku auna da ma'aunin nan da ƴan makaranta ke jan layi da shi. Santimita nawa goman suka yi, milimita ke nan na ƙwaya ɗaya. In sun yi santimita 3, kowace milimita 3 ce. Bayan nan a wanke hannu, kada a bar wa yara su yi wasa da ita, don dalma guba ce. Haka kuma a tsince ta daga nama kafin a sa a tukunya.

Ni a ganina, asarar harsashi ɗaya ba asara ba ce. Kuɗinsa nawa ne a kan kuɗin saniya? Masu sayarwa su ma suna da laifi. Wanda ya zazzage kwali uku a kwano ɗaya yana cewa duk 00 ne, bai san abin da yake sayarwa ba.

Sai maganar doka. Farauta a Nijar tana ƙarƙashin doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998. Ba a farauta da bindiga sai da takardar izini, akwai kuma namun da aka hana taɓawa ɗungum. Mai tambaya ya je wurin ma'aikatan gandun daji na jiharsa. Takardun Kawu su suka sa maganarsa ta tsaya a ƙofar mai gari.

Karsana ta warke, sai dai tana ɗan ɗingishi. Kawu ya biya kuɗin magani, ya ƙara da damin gero biyu. Uban yaron ya karɓi kuɗin maganin, ya ce a mai da geron, tun da Allah ya tsare masa ɗa. Sauran harsasai uku kuwa Kawu ya mayar wa abokinsa. Ya haɗa masa da ƙwayoyin nan 9 a ƙulle cikin tsumma, ya ce ya nuna wa wanda ya sayar masa.